Wasiƙar da Ta Tsayar da Jakin Barmo

Mun tashi da asuba ranar Laraba, ana sallame salla muka kama hanyar Gumel daga Kano, mu uku a tsohuwar motar abokina wadda ba ta tashi sai an lallaɓa ta. Shi ne direba, ni ne mai surutu, ƙanwata kuma tana baya riƙe da waya, don ita muka ɗora wa aikin ɗaukar hoto da murya. Tun kafin mu wuce Gezawa ta faɗa mana ra'ayinta ba kwana-kwana: ita dai ba ta taɓa ganin magidanta biyu masu furfura sun ajiye aikinsu saboda jaki ba.

Ga waɗanda suka shigo zauren nan namu na masoya Barmo kwanan nan, bari in yi ɗan bayani. Barmo da Jakinsa littafin zane ne na barkwanci da ake sayarwa a tashoshin mota lokacin muna 'yan firamare. Siriri ne, takardarsa ba ta fi ta naɗe ƙosai kyau ba, amma mutum ya gwammace a ƙwace masa kuɗin tara da a ƙwace masa shi. Barmo ɗan koli ne mai tsautsayi, kullum sai ya faɗa tsakiyar wani babban labari, na tarihi ko na littattafan hira da ake karanta mana a aji, ya dagula shi. Jakinsa mai suna Magatakarda yana sanye da tabarau, shi ke rubuta abin da ya faru, kuma ba ya rubuta gaskiya sai in ta yi masa daɗi. A nan muka ga jarumi ya zare takobi zai sare dodo, ya tarar ciwon haƙori ne ya sa dodon gurnani, suka ƙare a gidan wanzami. A nan muka ga sarkin aljanu ya sace gimbiya, bayan kwana uku ya mayar da ita da kansa yana ba da haƙuri. Fitowa goma sha huɗu aka yi, daga nan shiru, shekara talatin da ɗoriya ke nan.

Mu 'yan zaure mun daɗe muna son a sake buga su, don waɗanda ke hannunmu duk gara ta ci rabonta. Sai dai ba a buga aikin mutum ba da yardarsa ba. Mai zanen, Malam Iliya, yana nan da ransa a Gumel. Sau biyu muna aika masa ta hannun ɗansa, sau biyu yana cewa a'a. Shi ya sa muka ce bari mu je da ƙafarmu.

Kaka ce, hanya ta yi kyau da kallo. An yanke gero an kwantar, dawa na tsaye tana jiran nata lokacin, amalanken shanu sai fitowa suke daga gonaki suna hawa titi ba sa duba kowa. Mun tsaya a Gujungu muka sha shayi. Burodin ya rame, kuɗinsa kuwa ya yi ƙiba, da na yi wa mai shayin ƙorafi sai ya ce in kai ƙara wajen mai fulawa. Daga nan ƙasa ta fara yin fari, itatuwa suka fara tazara, kuka da gawo suka karɓi filin.

Hantsi ya ɗaga muka shiga Gumel. Garin kakannina ne, amma rabona da shi har na ji kunyar faɗa. 'Yan adaidaita sun cika titi, ma'aikata na ta sauri da fayil a hammata, buhunan sabon gero jibge a bakin kasuwa. Gidan Malam Iliya ba ya ɓata, don zaurensa cike yake da tsofaffin allunan shaguna da gwangwanayen fenti da suka bushe. Bayan ya bar Barmo, rubutun allon shago da zanen bayan manyan motoci ya koma yi, har hannu ya fara rawa ya ajiye. Dattijo ne siriri, ya haura saba'in, mai magana a hankali kamar yana tsoron tada wani daga barci.

Muka gaisa, muka ajiye goro da turmin yadi, na zuba masa jawabin da na kwana biyu ina shiryawa. Ya saurare ni har na gama. Sai ya shiga ciki ya fito da wata takarda da ta sha ninki har ta fara rabewa, ya miƙo mini. Wasiƙa ce da jan biro, rubutu a tsaye kamar sojoji. Ga abin da ta ce:

"Zuwa ga mai zanen Barmo. Ɗalibaina goma sha ɗaya sun faɗi jarrabawar tarihi ta aji shida saboda kai. An tambaye su dalilin da ya sa layin dogo ya bi ta Gagarawa. Sun rubuta cewa Bature mai awon hanya jakinka ya bi, jakin kuma ƙanshin harawar gyaɗa yake bi. Haƙƙinsu yana wuyanka. Malamin Tarihi, Maigatari."

Abokina ya tuntsire da dariya, don wannan ita ce fitowa ta sha huɗu, wadda ya fi so. Da ya ga fuskar dattijon sai dariyar ta maƙale.

"Ranar da ta iso, ta sha biyar tana kan teburina, saura shafi biyu," in ji Malam Iliya. "Na ajiye alƙalami ban sake ɗauka ba. Ni dariya na yi niyyar ba yara, ban san makomarsu nake taɓawa ba. Yanzu na kai shekarun da mutum ke duba abin da zai je ya tarar. In kun samo malamin nan ya ce ya yafe, ku buga. In ya rasu, ku bar ni da abina."

Mun shekara muna musu a zaure kan ko maɗaba'a ce ta rushe ko takarda ce ta yi tsada, ashe takarda ɗaya ce ta tsayar da komai. Mutumin da ya cika mana ƙuruciya da dariya shi ya yi shekara talatin yana ɗauke da laifi a zuciya. Ba suna a wasiƙar, ba adireshi, sai garin kawai. Ƙanwata ta ɗauki hotonta, muka tafi gidan gwaggona, ta cika mu da tuwon gero da miyar kuka da man shanu, tana yi mini faɗan rashin zumunci ina cewa na tuba.

Washegari Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, kuma wanda bai taɓa ganinta ba ya yi ƙoƙari ya je. Tun daga nesa za ka hango manyan motoci a jere suna jiran lodi. Shanu masu ƙaho kamar reshen itace, tumaki, awaki, sai kuma raƙuma a can gefe suna kallon kowa a raine. Buzaye da Fulani da mutanen Damagaram da 'yan kasuwar kudu duk a cakuɗe, naira da sefa suna canza hannu a ƙarƙashin rumfa ɗaya. Na tambayi kuɗin wani rago don ɗanɗano, da aka faɗa mini sai na yi masa addu'ar samun mai saye na wuce. Balangun wajen kuwa ya ci sunansa, shi kaɗai ma ya isa dalilin tafiya.

Neman malamin da ya koyar shekara talatin baya a cikin wannan taro ba ƙaramin aiki ba ne. Dabarar da ta fisshe mu ita ce ta abokina: ya fito da guntun Barmo da ke aljihunsa ya ɗora a teburin mai balangu. Ba a yi minti goma ba mutum shida suka kewaye mu, duk masu furfura, kowa na miƙa hannu. Su suka kai mu wajen Alhaji Sale, dillalin raƙuma, wanda aka ce a garin ya yi firamare kuma ba wanda ya kai shi sanin Barmo.

Alhaji Sale ƙato ne mai ƙaton murya. Yana ganin littafin ya bar mai ciniki a tsaye, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma. Ra'ayinsa a shirye yake kamar jiya ya karanta: shida na farko su ne Barmo, daga nan jakin ya cika surutu ya danne ubangidansa. Abokina, wanda duk zaure ya san ɗan ɓangaren jaki ne, ya ce in aka cire Magatakarda ai Barmo wawa ne kawai. Wani Badamagare da ke zuba mana shayi a ƙananan kofuna ya tsoma baki ya ce su ma a can ƙetare sun sha karanta shi, har a lakwal, wato makarantarsu ta boko, malaminsu, da suke kira mushe, ya sha ƙwace musu, kuma shi a ganinsa dodon mai ciwon haƙori ya fi su duka hankali. Musu ya kaure, har wani raƙumi ya leƙo kansa ta saman rumfar.

"Amma bai iya raƙumi ba," in ji Alhaji Sale. "Gwiwar baya a juye yake yin ta. Ina aji biyar na rubuta masa wasiƙa na gaya masa. Ka san abin da ya yi? A fitowa ta tara ya zana ni cikin 'yan kallo, riƙe da akala, da kunnuwa kamar faifai! Wata guda ina yawo da shafin a garin nan."

Nan ya tuna mini da abin da na manta. Al'adar Malam Iliya ce: duk wanda ya rubuto masa wasiƙa, yabo ko zagi, sai ya zana shi a cikin taron jama'a a fitowa ta gaba, yadda ya hasko shi daga rubutunsa. Mutane sun sha sayen littafin don kawai su nemi kansu.

Da muka nuna wa Alhaji Sale hoton wasiƙar, kallo ɗaya ya yi mata ya ja da baya kamar ya ga bulala. "Malam Habu Jan Biro! Wallahi ko a kabari na ga rubutun nan zan miƙe tsaye." A ajinsu ne abin ya faru. Shi ya tsira ne don bai amsa tambayar ba sam, ya bar wurin fili. Ya ce daga baya an yi wa malamin canji zuwa wajen Sule Tankarkar, bai san ko yana raye ba. Amma mu je Ɗanzomo mu nemi Hajiya Rabi, shugabar wata firamare, don tana cikin sha ɗayan nan.

Na so in ce mu tsallake ta. Me za ka ce wa wadda abin ya faɗa a kanta? Ƙanwata ce ta ce in muna neman ra'ayin masoya kawai, to da mun zauna a Kano.

Bayan azahar muka kama hanya. Mun ratsa ta Sule Tankarkar, gari mai natsuwa, inda muka sayi kankana a bakin titi da kuɗin da a Kano yanka biyu zai ba ka. Gonakin zoɓo sun yi jawur hagu da dama, mata na tsinka suna tarawa a kwarya. A wani ɗan yanke da direbanmu ya rantse ya sani, motar ta nutse a yashi, sai da manoma huɗu suka bar aikinsu suka tura mu. Mun yi mun yi su karɓi na goro suka ƙi, sai kankana ɗaya suka yarda suka ɗauka. Allah ya saka musu da alheri.

Hajiya Rabi ta karɓe mu a tsakar gidanta, ta sa aka dama fura mai sanyi. Mace ce mai fara'a, amma idonta irin na shugabannin makaranta ne, mai sa ka gyara zama. Ta karanta wasiƙar a wayar ƙanwata, ta mayar mata da ita.

"Ba zan ce muku ba komai ba ne," in ji ta. "Na maimaita aji shida. Ina tsaye a tasha ƙawayena suka hau mota da akwatunansu za su makarantar kwana, ni na koma gida ina kuka. Wannan shekarar ba ta dawowa."

Sai ta ci gaba ta ce a cikin shekarar maimaicin nan haushi ya sa ta dinga bin tsofaffi tana tambayar ainihin abin da ya kawo layin dogo. Daga tambayar jirgi ta koma tambayar rijiyoyi da kasuwanni da sunayen unguwanni, ba ta ankara ba tarihi ya zama abincinta. "Abin haushin ma," ta ce tana dariya, "da na bincika, gyaɗar ce dai ta jawo jirgin. Jakin bai yi nisa da gaskiya ba."

Amma tana da ƙorafinta, kuma ba na jarrabawa ba ne. Ta ce mu duba duk fitowa sha huɗun, mu nuna mata mace ɗaya da ta yi magana. In ba mai tallan fura ba, to gimbiya ce ana sace ta. Na lalubi misalin da zan kare shi da shi, babu ko ɗaya. Ƙanwata, wadda tun Kano take mana kallon marasa aikin yi, ta ce wa abokina ya miƙo mata littafin nan ta gani. Hajiya Rabi ta yarda aka ɗauki muryarta: ta yafe tun tuni, amma in zai sake zane, a ba mace baki. Malam Habu kuwa yana nan da ransa, sun ma yi aiki tare daga baya. Ya yi ritaya ya koma garinsu, Gagarawa, kusa da tsohuwar tashar jirgi.

Juma'a da safe muka nufi Gagarawa. Riɗi ne ko'ina, an yanke an jingina dami-dami yana shan rana. Motocin haya na wuce mu an ɗaure musu buhuna har saman, fasinja uku a gaba. Mun tsaya mun kalli layin dogon da ya jawo duk wannan rigima, yana kwance shiru, ciyawa ta fito tsakanin ƙarafan. Abokina ya tsaya a kai ya shaƙi iska ya ce shi dai har yanzu yana jin ƙanshin harawa.

Mun sami Malam Habu a ƙofar gidansa yana kakkaɓe riɗi a kan tabarma. Tsoho ne dogo, ya kusa tamanin, bayansa a miƙe, kuma wallahi akwai jan biro a aljihun rigarsa. Sai da ya gama damin da ke hannunsa sannan ya dube mu. Ni da na aurar da 'ya, na ji gwiwata ta kai ƙasa da kanta.

Ya karanta wasiƙar ba tare da tabarau ba. "Rubutuna ne. A ina kuka samo ta?" Na gaya masa. Ya shiga ciki, ya jawo wata tsohuwar adaka ta ƙarfe zuwa zaure, ya buɗe. Barmo ne a ciki, cike, duk wanda ya taɓa ƙwacewa a hannun ɗalibi, kowanne da sunan mai shi a bango. Ba gara, ba yagewa, ya sa ganyen darbejiya a tsakani. Fitowa sha huɗun duk suna nan, wasu ma sau biyar. Abokina ya zauna daɓas a ƙasa.

Na buɗe ɗaya, sai na ga gefen kowane shafi cike da jan rubutu. Malam Habu ya yi wa Barmo maki kamar littafin ɗalibi. "Ƙarya ne." "Wannan sarkin bai yi zamani da bindiga ba." "Ya yi kusa da gaskiya." A shafin da dodo ke zaune gaban wanzami ya buɗe baki, an rubuta da ƙananan baƙaƙe: "Na yi dariya."

Ya ce in ya ƙwace, gida yake kai su ya karanta, ya gyara, da safe ya shiga aji da gyaran. Yara kan zo da tambaya a bakinsu, Malam da gaske ne kaza, shi kuma ya kama daga nan. Da littafin ya daina fitowa, aji ya koma shiru, rabinsu na gyangyaɗi. Shi a zatonsa maɗaba'ar ce ta karye. Na ce masa a'a, ranka ya daɗe, wasiƙarka ce. Mutumin ya ajiye alƙalami tun ranar, kuma har yau yana ganin haƙƙin yaran nan na wuyansa.

Tsohon ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya yi salati. "Cikin fushi na rubuta, gaskiya ne. Amma kowa ya san wanda ya rubuta wasiƙa ana zana shi. Na ɗauka ramawa zai yi. Wata shida ina aikawa tashar Gumel ana tambayar mini ta sha biyar, in ga yadda zai yi da hancina."

Ƙanwata ta ɗago waya don a ɗauki muryarsa yana cewa ya yafe. Ya ɗaga mata hannu. "Ajiye, 'yata. Ba zan yi wannan magana ta cikin waya ba alhali ina da ƙafa." Muka yi Juma'a tare, muka ci dambu a gidansa, sannan ya shige gaban mota da adakar a kan cinya. Ni da kujerata aka mayar baya, kuma har muka isa yana yi wa direba gyaran tuƙi.

Bayan la'asar muka yi sallama a zauren Malam Iliya. Ban iya gabatar da su da kyau ba, na ce dai, Baba, ga Malamin Tarihi. Suka riƙe hannun juna suka shiga gaisuwa, iyali, kaka, ƙarfin jiki, aka koma iyali, kamar kowa na tsoron inda gaisuwar za ta ƙare. Malam Iliya ne ya fara sunkuyar da kai.

"Malam, ka yafe mini."

"Dakata, ni zan fara," in ji Malam Habu. "Tambaya ɗaya yaran nan suka ɓata. Ni ne haushin jakinka ya sa na soke takardunsu gaba ɗaya na ba su sifili. Da na yi musu adalci, da yawancinsu sun wuce. Na bi waɗanda na samu na roƙe su tun da daɗewa. Kai ne ban san ina da laifinka ba. Na ɗora maka kayan da rabinsa nawa ne, na kuma raba ka da sana'arka. Ka yafe mini."

Ƙanwata ta kunna muryar Hajiya Rabi. Malam Iliya ya saurara har ƙarshe, hawaye na bin gemunsa bai share ba. Ni ma dai sai na tsinci kaina ina karanta allon wani shagon ɗinki da aka jingine a bango, don kada a ga idona. Suka yafi juna, muka shafa fatiha.

Aka buɗe adakar. Ashe Malam Iliya ba shi da ko ɗaya daga cikin littattafansa, ya rabar da su tun wancan lokacin don kada ya riƙa ganinsu. Ya dinga ɗaga su ɗaya-ɗaya, yana kai su kusa da ido, yana karanta jan rubutun. A wani wurin ya gyaɗa kai, a wani ya ce a'a Malam, nan da gangan na yi. Da ya zo kan "Na yi dariya" sai ya ƙyalƙyale, dariyar da ɗansa ya ce rabon da ya ji irinta ya manta.

"Saura abu ɗaya," in ji Malam Habu. "Na rubuto wasiƙa, ba a zana ni ba."

Malam Iliya ya ɗaga hannunsa yana rawa. "Hannun ya tafi, Malam."

"Fuskar ma ta tafi. Sai su dace."

Malam Iliya ya shiga ciki ya fito da fitowa ta sha biyar, wadda ba wanda ya taɓa gani, da shafinta biyu fari fat. Aka nemi alƙalami a gidan aka rasa. Malam Habu ya zaro jan biron daga aljihu ya miƙa masa, ya gyara hula, ya zauna a kan turmi ya ɗaga haɓa. Layin farko ya karkace, na biyu ma haka. Daga na uku sai hannun ya tuna hanya. Kafin a kira magariba, ga wani dogon malami a takarda mai hanci kamar lauje, yana leƙen abin da Magatakarda ke rubutawa ta bayan kafaɗarsa. A gefe ga wata mata ta riƙe ƙugu, an zagaye mata wurin magana an bar shi fili. Ya ce wannan Hajiya Rabi ce za ta cike da kanta.

Ya yarda mu buga, da sharaɗi ɗaya: daga kwafin adakar nan za a ɗauka, da jan rubutun da komai, kada a goge ko ɗigo.

Malam Habu a gidan ya kwana. Asabar da safe ƙanwata ta ɗauki hoton shafukan, muka sauke shi a Gagarawa, ya cusa mana ƙunshin riɗi, muka kamo hanyar Kano. Mun iso lafiya bayan azahar, motar ma ba ta ba mu kunya ba.

Na gode wa Allah, na gode wa gwaggona da manoman da suka tura mu, da Alhaji Sale da ya yi asarar ciniki saboda mu, da Hajiya Rabi da ta gaya mana gaskiya ba ta rufa mana ba. Abin da na koyo shi ne mu masu son abu mun iya musu a kansa shekara da shekaru, amma ba mu iya tashi mu je mu ce wa mai shi mun gode ba. Wanda ya ji haushi shi ya ɗauki biro ya rubuta, mu da muka ji daɗi muka yi shiru, shi ya sa muryarsa kaɗai ta isa. In akwai wanda aikinsa ya taɓa faranta maka rai kuma yana raye, ka neme shi tun yana ji.

Muna shiga gari ƙanwata ta miƙo mini waya daga baya, ta ce in buɗa hoton shafin in duba can ƙasa. Ashe da safe, kafin mu zo, Malam Habu ya karɓi bironsa ya yi aikinsa. A ƙarƙashin zanen, da rubutun nan nasa mai tsayuwar sojoji, ya sa: "Hancin ya yi tsawo. Na gode."